Iskar firji ta canza, wa zai sanar da mai gyara a Makarfi?

A makon nan zan jingine maganar siyasa, in ɗauko wata sana'a da ba kasafai ake kawo ta shafin jarida ba, wato gyaran firji da firiza da na'urar sanyaya ɗaki. Abin da ya ja ni gare ta wani al'amari ne da ya faru a cikin zuriyarmu, kuma na tabbata gidaje da yawa a Ikara da Makarfi da Kudan za su ga kansu a cikinsa.

Ina da ƙanwa a Makarfi. Mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Da ta fita takaba sai ta haɗa tumuninta da ɗan abin da 'yan'uwa suka tallafa mata, ta sayi firiza ta hannu. Da ita take yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya, yara su kai tasha da bakin kasuwa, kuma da cinikin ake ci, ake biyan kuɗin makaranta. Duk mai irin wannan sana'a ya san watan azumi shi ne kakarsa. To, a azumin da ya gabata, ana kwana biyar da kamawa, firizar ta daina daskarewa. Aka kira mai gyara, ya taɓa nan ya taɓa can, ya ce gas ne ya ƙare. Ya ɗura, aka biya shi. Bayan kwana huɗu sanyi ya sake ɗaukewa, ya dawo ya sake ɗurawa. A karo na uku kwamfuresar ce ta ƙone gaba ɗaya. Da daddare ta kira ni a waya, muryarta na rawa, ta ce, "Yaya, jarin ya tafi. Ban san da me zan yi wa yaran nan kayan Sallah ba."

Da na je gida hutun Sallah, na nufi shagon mai gyaran raina a ɓace, da niyyar in wanke shi tas. Na tarar da dattijo mai kimanin shekara hamsin, zaune a rumfar langa-langa, tsofaffin firji kewaye da shi, yara uku na koyon aiki a hannunsa. Ya saurare ni har na gama, bai musa ba, bai ɗaga murya ba. Sannan ya ce, "Malam, a Sabon Garin Zariya na koyi aikin nan, shekara biyar ina bauta wa ogana. Yau kusan shekara talatin ke nan ina yi. Gas ɗin da na koya da shi ma an daina kawo shi. Tun daga ranar da aka yaye ni har yau, babu wanda ya taɓa kirana ya ce zo ka ga abin da ya canza. Sai dai in gani a jikin kaya." Ya naɗe hannun rigarsa ya nuna mini tabon ƙuna daga wuyan hannu zuwa gwiwa. Ya ce ranar da ya fara cin karo da sabon firji ne, ya kai wutar walda jikin bututu kamar yadda ya saba, sai wuta ta tashi masa.

Na shiga shagon da fushi, na fito da tunani. Ƙanwata ta yi asara, wannan ba ja. Amma mutumin da ya jawo mata asarar ba macuci ba ne. An bar shi ne a baya, duniyar sana'arsa ta yi gaba ba a yi masa sallama ba. Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu.

Bari in ɗan yi bayanin abin da na fahimta daga wani abokina injiniya, domin mai firji ma ya kamata ya sani. Firji ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi yake kwashewa daga ciki ya zubar a waje. Iyayenmu sun san wannan hikima tun a randa da tulu: ruwan da ke tsatstsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa, ya tafi da zafi, na ciki ya yi sanyi. Da wannan ilimi ne marigayi Mohammed Bah Abba, malamin makaranta daga Jigawa, ya yaɗa dabarar sanya tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya samu lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. A firji, iskar gas ce ke yin aikin ruwan randar. Tana zagayawa cikin rufaffen bututu, kwamfuresa na tura ta, ta ɗauko zafi a ciki ta sauke a baya, ta sake komawa. Saboda haka gas ɗin firji ba ya ƙarewa kamar man fetur. In ya ragu, to akwai inda ya huje. Wanda ya ɗura sabo bai toshe hujin ba, ruwa ya zuba a kwando.

Aikin ƙa'ida yana da matakai. A cika bututun da iskar naitirojin a nemo inda yake yoyo, a like, a canza matacin da ke tsotse danshi, a sa injin zuƙe iska ya kwashe duk wata iska da laima, sannan a auna gas a sikeli daidai nauyin da aka rubuta a bayan firjin. A shagon da na je babu naitirojin, babu sikeli, kuma wata tsohuwar kwamfuresa ce ke matsayin injin zuƙe iska. Da kunne da tafin hannu ake awo.

Da haka aka yi ta lallaɓawa shekara da shekaru, domin gas ɗin da, wanda ake kira R12, ba ya kama wuta, kuma yana jure kuskure. Amma a 1974 wasu masana biyu a Amurka, Mario Molina da Sherwood Rowland, suka nuna cewa irin wannan iska tana cinye rufin ozon da ke kare mu daga muguwar hasken rana. A 1985 masu bincike na Birtaniya suka tabbatar da ɓulewar rufin a saman ƙurewar kudancin duniya. Daga nan aka ƙulla Yarjejeniyar Montreal a 1987, Najeriya ta shiga a 1988, kuma zuwa 2010 aka rufe babin R12 a ƙasashe masu tasowa. R134a ya maye gurbinsa. Shi ba ya taɓa ozon, sai dai yana riƙe zafi a sararin samaniya fiye da iskar kabon sau dubu da ɗari huɗu. Don haka aka sake zama a Kigali ta ƙasar Ruwanda a 2016 aka amince a rage shi da danginsa, Najeriya ta tabbatar da amincewarta a 2018. Rukunin ƙasashen da muke ciki zai rage kashi 10 cikin ɗari a 2029, a ci gaba har a kai kashi 80 a 2045. Shi kuwa R22 na tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki, 2030 aka ɗibar masa.

Mai karatu zai ce ina ruwan mai rumfa a Hunkuyi da taron Kigali? Ruwansa shi ne abin da ke shigowa shagonsa. Yawancin sababbin firjin gida yanzu da R600a suke zuwa, manyan firiza da yawa kuma da R290. Dukkansu 'yan gida ɗaya ne da gas ɗin girki, kuma suna kama wuta kamarsa. R32 na sababbin na'urorin sanyaya ɗaki shi ma yana kamawa, ko da yake bai kai su ba. Abin da firjin gida ke ɗauka na R600a bai fi 'yan giram ba, sau da yawa bai kai ɗari ba, don haka kuskure kaɗan a awo ya isa ya lalata aiki. Man da ke cikin kwamfuresa ma ya bambanta daga wannan gas zuwa wancan, in aka ɗura wani a mazaunin wani sai injin ya wahala har ya mutu. Ga kuma jabu. A 2011 wani gurɓataccen gas ya sa kwantenonin sanyi sun fashe a tashoshin jiragen ruwa na Biyetnam da Burazil, ma'aikata uku suka rasa rayukansu. In jabu ya kai ga manyan kamfanonin jiragen ruwa, ina ga mai sayen gwangwani ɗaya a kasuwa? Sannan akwai masu gwada yoyo da iskar oksijin ta masu walda saboda ita ce a kusa, alhali haɗuwarta da mai a cikin matsi na iya tarwatsa kwamfuresa a fuskar mutum. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza. Namu masu gyaran har yanzu tsohuwar rawa suke takawa, don ba wanda ya jiyar da su sabon kiɗan.

Wannan magana ta fi ƙarfin ƙanƙarar buɗe-baki. A dubi abin da yankin nan yake nomawa. Ikara ƙasar tumatir ce, shi ya sa tun farkon shekarun 1980 gwamnatin jiha ta kafa masana'antar sarrafa shi a garin. Duk wanda ya bi hanya a tsakiyar rani ya ga kwanduna jere a rana, manomi na roƙon dillali ya ɗauka ko nawa ne kafin ya ruɓe. Kudan ta yi suna da noman inabi, ɗan itacen da ba ya jure zafi bayan an tsinke shi. Makarfi ga rake da mazarƙwaila, ga kuma kwalejin koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ta daɗe tana yaye ma'aikatan da ke riƙe da ƙananan asibitocin jihar. Ga Fulani da nono, ga mahauta, ga masu kifi da kaji. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da nasa sanyin. Inabi yana son kusan digiri 0. Tumatir kuwa in aka kai shi can lalacewa zai yi, ya fi son wajen digiri 12. Yawancin alluran rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake ajiye su, wasu in suka daskare sun tashi aiki ko da ido bai ga alama ba. Haka insulin na masu ciwon suga, haka allurar oksitosin da ake tsayar da zubar jini da ita bayan haihuwa. Firjin asibitin ƙauye in ya lalace, uwa za ta kawo ɗanta a yi masa allura, ta koma gida da kati a hannu, tana zaton an kare shi.

Kullum muna jin kira a kawo ɗakunan sanyi masu aiki da hasken rana, irin waɗanda kamfanin ColdHubs ya fara kafawa a kasuwannin ƙasar nan, kuma ina goyon bayan kiran. Duhun da Arewa ta shiga na kwana da kwanaki a watan Oktoban 2024 ya isa ya nuna mana amfanin sola. Amma tambayar da ba a yi ita ce: ranar da ɗakin sanyin ya tsaya, wa zai tayar da shi? In sai an jira wani daga Kaduna ko Kano ko Legas, kafin ya iso kayan ciki sun zama taki. Mun sha ganin injinan da aka ƙaddamar da kiɗa da tafi sun koma maɓoyar ƙadangaru, saboda an sayi ƙarfe an manta da hannun da zai kula da shi.

Abin takaicin shi ne, hanyoyin gyara suna nan, kuma ba su da nisa. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa, wato NBTE, wadda aka kafa a 1977, hedikwatarta a Kaduna take. Tana da tsarin tantance ƙwarewa wanda ke amincewa da abin da mutum ya koya a shago, a gwada shi a aikace a ba shi takardar shaida, ba sai ya koma aji ba. An ɗauki wannan hanya da masu sana'a na kasuwar Panteka a Kaduna tare da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna. Akwai Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, tun 1971. Akwai jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago mai matakai uku. Akwai ofishin kula da ozon a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, wanda ke shirya horo ga masu gyara a ƙarƙashin yarjejeniyar da na ambata, yana aiki da ƙungiyarsu ta ƙasa, NARAP. A watan Yunin 2025 kuma aka buɗe cibiyoyin koyon sana'a na jihar Kaduna guda uku, a Rigachikun da Samarun Kataf da Soba. Soba kuwa maƙwabciyarmu ce. Duk da haka, dattijon da na zauna da shi bai taɓa jin sunan ko ɗaya daga cikinsu ba, in ban da gwajin sana'a, shi ma a bakin wani. Rijiya na nan, mai ƙishi na nan, guga ce babu.

Gugar nan kuwa ƙungiya ce. Hukuma ba ta bin rumfa-rumfa, da jerin sunaye take aiki. Wanda ba ya cikin jerin, ko horo kyauta ake yi ba za a tuna da shi ba. Kuma wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Ƙasar Hausa ta san Sarkin Maƙera da Sarkin Fawa da Sarkin Aska da Sarkin Magina. Aikinsu shi ne su san wa ya iya, wa bai iya ba, su raba gardama, su kai kuka fada, su tsawata wa mai zubar da mutuncin sana'a. Gyaran firji ya shigo bayan an gama rabon waɗannan sarautu, sai ya tashi maraya.

Don haka shawarata ta farko ga masu gyaran ce. Na Ikara da Paki, na Makarfi, na Hunkuyi da Kudan da Likoro, ku zauna ku ƙirga kanku, ku yi rajista, ku nemi haɗewa da ƙungiyar ƙasa. Ku yi adashi ku sayi kayan da mutum ɗaya ba zai iya saye ba: injin zuƙe iska na gaske, sikeli, tukunyar naitirojin, na'urar gano yoyo, injin kwashe tsohon gas, da abin kashe gobara. A ajiye su wuri ɗaya, mai buƙata ya ara ya biya ɗan abin kulawa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku rubuta ƙa'idar koyo: shekara nawa, me yaro zai iya kafin a yaye shi, kuma dattawa uku da ba ogansa ba su gwada shi. Ku kafa kwamitin sauraron ƙorafi, domin mace irin ƙanwata ta san inda za ta kai kuka ba sai ta je wurin 'yan sanda ba.

Ta biyu ga shugabannin ƙananan hukumomin uku da wakilanmu a majalisa. Kuɗin da ake kashewa a bikin rabon kayan tallafi guda ɗaya ya isa a ɗauko masu horarwa su yi mako biyu a sakatariya. A yi horon da Hausa, a yi shi da hannu a kan firji na gaske, a sa shi da yamma ko ƙarshen mako, domin mai shago ba zai rufe shagonsa wata uku ya tafi makaranta ba, iyali na jiransa. A fara da iyayen gida kafin yara, tunda oga ɗaya da ya gyara hannunsa ya gyara na duk wanda zai bi ta shagonsa. Cibiyar Soba ta buɗe gajeren kwas domin irin waɗannan, NBTE ta kawo gwajinta inda suke. Sannan duk wanda ya samu shaida a ba shi aikin kula da firjin asibitocin gundumarsa, a riƙa biyansa. Takardar da ba ta kawo aiki ba, ƙarshenta ƙarƙashin katifa.

Ta uku, a sa 'yan mata cikin masu koyo. Yawancin firizan da ake neman abinci da su a garuruwanmu suna cikin gida ne, a hannun matan aure. Sau nawa kaya ke lalacewa ana jiran maigida ya dawo kafin a shigo da namiji? Yarinyar da ta iya wannan aiki ba za ta rasa ciniki ba, kuma da sallama kawai za ta shiga.

Na san abin da wasu za su ce, kuma suna da hujja. Mun ga ƙungiyoyin sana'a da suka koma wurin karɓar haraji da raba hular siyasa, shugabanni su yi ƙiba mambobi su rame. Mun ga inda aka haɗa baki aka tsauwala farashi, da inda takardar shaida ta zama haja. Maganin wannan shi ne a gina ƙungiyar a kan kayan aiki da ilimi, a ƙayyade wa'adin shugabanni, a karanta lissafin kuɗi a gaban kowa, kuma kada a hana wanda bai shiga ba neman abincinsa. A bar aikin mambobi ya yi musu talla. Ranar da mutane suka lura cewa gyaran ɗan ƙungiya ba ya dawowa, sauran da ƙafarsu za su zo.

Mu ma masu kaya muna da namu laifin. Mu ne muke cewa, "Oga, ɗura gas kawai, sauri nake yi." Mu ne muke gudun mai cewa sai ya kwana biyu yana neman yoyo, mu tafi wurin mai araha, alhali araha ba ta ado. Mai firji ya duba takardar da ke bayan kayansa ya san sunan gas ɗinsa, ya tambayi mai gyara wanne zai sa. Ya sayi abin daidaita wuta in da hali, domin raunin wuta na kashe kwamfuresa. In an ɗauke wuta an dawo da ita nan take, ya dakata 'yan mintoci kafin ya kunna. Kada ya sa wuƙa ya ɓamɓare ƙanƙara, kada ya manna firji da bango, kuma kada ya yarda a kunna wutar walda a rufaffen ɗaki kusa da yara.

Ƙanwata dai 'yan'uwa sun haɗa mata kuɗin wata kwamfuresar, ta koma sana'arta, sai dai kakar bana ta wuce ta. Dattijon nan ne ya ɗaura mata, ya kuma ƙi karɓar kuɗin hannu. Da zan tafi ya rako ni bakin titi, ya nuna mini ƙaramin cikin yaran shagonsa, wanda bai fi shekara goma sha huɗu ba, ya ce, "Malam, ni na kusa gama nawa. Wannan nake ji. In kun san inda ake koyar da sabon aikin, ku gaya mana, wallahi ko a ƙasa ne zan zauna in koya." Na yi masa alkawarin zan rubuta. Na cika nawa, saura waɗanda abin ke hannunsu.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya kare masu nema daga asara. Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.